Kwandon da Bai Taɓa Kawo Hatsi Gida Ba

Akwai wani manomi a wani ƙauye, tun zamanin da uba da 'ya'yansa ke noma gandu ɗaya, su dawo gida su zagaye akushi ɗaya. Sunansa Jatau. Gonarsa tana bayan gari, gab da wata tsohuwar tsamiya, a kan hanyar da mata ke bi zuwa rafi. Kaura yake shukawa, dawar nan mai nauyin kai, kuma idan kaka ta gabato, mutum a kan jaki ma ba a hango hularsa a cikinta. Duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya ya kalla, ya ce, "Jatau dai ya yi sa'ar ƙasa." Shi kuwa in ya ji sai ya yi murmushi ya ce, "A gode wa Allah." Ba ya ƙara komai a kai.

Jatau yana da ɗa, ɗan farinsa, mai suna Nomau. Kada wani ya yi saurin cewa wannan labarin malalaci ne, domin Nomau bai san lalaci ba ko a mafarki. A duk ƙasar nan babu saurayin da ke riga shi kai ƙarshen kunya. A wancan lokaci idan aiki ya yi wa mutum yawa sai ya kira gayya, samarin gari su taru a gonarsa da fartanyoyi da garemani, mata su dafa abinci, makaɗi ya rataya gangar noma yana bin su a baya. Ranar gayya ranar Nomau ce. Da makaɗi ya ambaci sunansa sai ka ga ƙasa na tashi ta bayansa, 'yan mata masu kawo kunu suna leƙe ta gefen mayafi. Yana jin daɗin wannan ƙwarai, kuma wa zai ga laifinsa? Ƙarfin nasa ne, gumin ma nasa ne.

Abu ɗaya ne kawai a gidansu yake ba Nomau dariya, wato kwandon ubansa. Wani tsohon kwandon kaba ne, bakinsa ya zare har an ɗaure shi da tsumma. Daga an gama maimai har zuwa girbi, kowace safiya in ban da Lahadi, Jatau yakan saɓa wannan kwando ya tafi gona tun raɓa ba ta bushe ba. Ba ya ɗaukar fartanya. Yakan shiga tsakanin karan dawa a sunkuye, yana bin kunya bayan kunya, yana duba gindin kowace shuka kamar mai neman allurar da ta faɗi. Can sai ya tsuguna ya tuge wani ɗan tsiro da hannu, ya jefa a kwando. In ya gama zagaye, sai ya je gindin tsamiya inda yake da wani ɗan rami, ya juye abin da ya samu, ya tara masa busasshen kara ya sa wuta. Sa'an nan ya dawo gida, wandonsa sharkaf da raɓa, kwando kuwa wayam.

Abin da yake tugewa shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Duk ɗan manomi ya san shi. Ba ya cin ƙasa kamar sauran ciyawa. A ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar dawa ya yi ta tsotsonta, tun kafin ido ya gan shi. In ya fito ya girma sai ya yi fure mai kyau, ja-ja mai ratsin shunayya, kuma kowane tsiro guda yana zubar da iri barkatai, ƙanana kamar gari. Irin nan yana iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru, yana jiran saiwar dawa ta zo kusa da shi.

Nomau ya san duk wannan. Inda ya yi kuskure shi ne, ya ɗauka ƙuduji ciwon gonakin wasu ne, gajiyayyun gonaki na bakin dutse. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganin furensa a gonarsu ba, don haka ya gaskata abin da masu wucewa ke faɗa, cewa ƙasarsu ce ba ta karɓarsa. In ya leƙa kwandon uban, ɗan abin da yake gani a gindinsa bai cika tafin hannu ba. A ganinsa wannan duk rigimar tsufa ce, tsoho ya rasa abin yi da safe.

Wata rana suna zaune a gindin tsamiya suna shan fura, sai Nomau ya taɓa kwandon da ƙafa ya ce, "Baba, wannan kwando naka tun ina goye yake zuwa gona, amma ban taɓa ganin ya kawo ko zangarniya ɗaya gida ba."

Jatau ya ajiye ludayi ya ce, "Ai ba kawowa ne aikinsa ba. Fitarwa ne."

Nomau ya yi dariya, ya tashi ya ɗauki garmarsa. Maganar ba ta zauna masa ba.

Ana nan, a wata kaka bayan an ɗaure dammuna an kai rumbu, Jatau ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Aka yi masa addu'a a majami'a, aka binne shi, gona ta koma hannun Nomau. Kwandon kuwa aka jefa shi ƙarƙashin rumbu, wata kaza ta mai da shi wurin ƙwai.

Daminar farko dawa ta yi kyau, har ta fi ta bara, domin Nomau ya zuba taki ya kuma yi noma kamar ba gobe. Ya ce a ransa, to, ina amfanin kwandon? Damina ta biyu ma haka. A ta uku ne matarsa Lami ta dawo daga kai masa abinci ta ce, "Maigida, na ga fure ja a kusurwar gabas." Ya ce ya gani, 'yan kaɗan ne, zai bi ta kansu in an gama aikin gyaɗa. Da aka gama aikin gyaɗa wani aikin ya taso. Da ya tuna, sai ya sa garma ya kife su cikin kunya yadda ake yi wa kowace ciyawa don ta ruɓe ta zama taki. Bai tsaya ya lura cewa furen ya riga ya bushe ya ɗauki iri ba. Da hannunsa ya shuka abokin gābarsa, ya kuma rufe shi da ƙasa mai kyau.

Daga nan abu ya fara tafiya a hankali, yadda irin waɗannan abubuwa suke tafiya. Kusurwar gabas ta zama gefen gabas. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma dawa ta tsaya a tsumbure, ganyenta ya yi rawaya ya nannaɗe kamar an gifta mata wuta. Nomau ya yi abin da ya iya, wato ya ƙara ƙarfi. Ya riga kowa fita, ya bi bayan kowa dawowa. Da abin ya ishe shi, a wata marka da gona ta yi ja da fure, sai ya kira gayyar da ba a taɓa ganin irinta ba. Aka yanka akuya, makaɗa biyu suka zo, samarin ƙauyuka uku suka jeru. Kafin la'asar sun sare komai sun kife, gona ta yi fes, babu fure ko ɗaya. Nomau ya koma gida ranar yana taka ƙasa da ƙarfi. Da damina ta zagayo, ƙuduji ya fito har inda bai taɓa fitowa ba, domin garemanin gayya sun kwashi irinsa sun raba wa kowace kunya.

Rumbun da a zamanin Jatau sabuwar dawa ke tarar da tsohuwa, yanzu tun bazara ake jin ƙasansa. Nomau, wanda gidansu ake zuwa neman iri, shi ne ya koma ɗaukar buhu zuwa kasuwa awo, yana bin bayan gari don kada a gan shi. Wannan ya ci masa rai fiye da yunwar kanta. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, makaɗi ma in ya gan shi sai ya sauya hanya.

Sai ga wani mutum daga birni, mai sana'ar buga tubali, yana son sayen gonar. Ya zagaya gonar, ya murza ƙasarta a hannu, ya ce shi bai damu da fure ba, ƙasar yake so ya haƙa. Nomau ya san abin da wannan ke nufi. Za a sare tsamiya, a kwashe ƙasa, wurin ya zama kududdufi. Amma yaransa suna cin abinci sau ɗaya a yini. Ya ce wa mutumin ya dawo ranar kasuwa mai zuwa a gama magana.

Saura mutum ɗaya da dole ya faɗa wa, wato mahaifiyarsa. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, ta daɗe ba ta wuce ƙofar gida ba. Kuma da yake shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma saba doguwar magana da shi ba. Ya durƙusa a bakin ɗakinta ya ce, "Inna, gonar nan ta mutu. Na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ya sani. Zan sayar."

Ta ce, "Kai ni in gan ta tukuna."

Washegari da hantsi ya ɗora ta a kan jaki, ya riƙe ta har gindin tsamiya, ya shimfiɗa mata buhu. Tsohuwa ta ɗaga kai. Ko da idonta bai gani sosai, ja ba ya ɓuya. Gona ce shimfiɗe tun daga ƙafarta har bakin hanya, fure a kan fure, 'yan karan dawa tsilli-tsilli a tsakani. Nomau ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Sai ya ji tana dariya ƙasa-ƙasa, hawaye kuma na bin kumatunta.

Ta ce, "Yau na ga gonar amarcina."

Ya ce, "Inna, ban gane ba."

Ta ce, "Haka take sak ranar da aka kawo ni gidanku. Har na ce wa ƙawayena, dubi yadda mijina ya yi wa gonarsa ado, suka yi ta yi mini dariya. Mahaifinka maraya ne. Da aka raba gado, wannan ce babu wanda ya so, shi ya sa ta zo hannunsa. Mun ci tafasa da rama a gidan nan har bakinmu ya manta ɗanɗanon tuwo. Kwandon nan da kuka ba kaza, a yini ɗaya sai ya cika shi ya juye, ya cika ya juye, har bayansa ya ƙi miƙewa. Ya raba gonar, nan gyaɗa, can wake, can auduga, dawa kuwa ɗan gefe kaɗan. Ina goye da kai ina taya shi. Kafin ka yi wayo fure ya ɓace, sai mutane suka fara cewa ya yi sa'ar ƙasa."

Nomau ya ce, "To ai ya gama da shi ke nan. Me ya sa ya ci gaba da yawo da kwando har ya mutu?"

Ta ce, "Wa ya ce maka ana gamawa? Ɗan abin nan da kake gani a gindin kwando kana dariya, shi ne wannan da ke gabanka. Shi yana ɗauke shi tun yana cikin tafin hannu."

Ya ce, "Me ya hana shi faɗa mini?"

Ta ce, "Mutum ne mara yawan magana, wannan kam laifinsa ne. Amma kowace safiya a gabanka yake wucewa. Kai kuwa kunnenka na wurin ganga."

Nomau ya tashi ya je inda ramin uban yake. Ciyawa ta rufe shi, sai da ya laluba. Ya sa fartanya ya kankare sama, ya ga baƙin toka. Ya ƙara haƙawa, toka. Ya ajiye fartanyar ya sa hannu, hannunsa ya nutse har gwiwa, har kafaɗa, bai taɓa ƙasa ba. Ɗan ramin da yake gani tun yana yaro ashe babban rami ne da toka ta cike shi, safiya bayan safiya, tun kafin a haife shi. Nan ya zauna, hannunsa baƙi ƙirin, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne uban. Kewar tsohon ta kama shi, ya tuna jiƙaƙƙen wandon nan da sunkuyayyen bayan nan, ya ji da ma a ba shi safiya ɗaya kawai ya bi shi a baya.

Ranar kasuwa mai tubali ya dawo, Nomau ya ba shi haƙuri. Ya je ƙarƙashin rumbu ya kori kaza, ya kakkaɓe kwandon, Lami ta sāke ɗaure masa baki da sabon tsumma.

Kada ku zaci daga nan komai ya yi daɗi. Shekarun da suka biyo baya masu wuya ne. Ya raba gona yadda uban ya yi, ya yi ƙodago a gonakin mutane don yara su ci. Da safe kuwa yana cikin raɓa a sunkuye, babu ganga, babu mai kallo. Aikin ya fi noman gayya cin rai, domin a gayya kana ganin abin da ka yi kafin rana ta faɗi, a nan kuwa ka tuge yau, jibi ka tarar da wani a wurin. Samarin da dā suke jin tsoron jerawa da shi a noma suka riƙa cewa Nomau ya tsufa tun lokaci bai yi ba. Sau da yawa ya yi niyyar jefa kwandon a rami ya sa masa wuta. Abin da ke hana shi, in ya zo juyewa sai ya ga tokar uban a ƙarƙashin tasa. Tsohuwa ta rasu fure bai gama ɓacewa ba, amma ta ci tuwon kaurar gonar kafin ta tafi.

A kwana a tashi furfura ta fito wa Nomau, dawa kuma ta koma ɓoye mutum a kan jaki. Wata safiya ya fito daga cikin karan dawa da kwandonsa, sai ga wani baƙo matashi a kan hanyar rafi ya tsaya yana kallo. Baƙon ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Kai dai ka yi sa'ar ƙasa. Tamu ƙuduji ya cinye, taka kuwa ko saninsa ba ta yi ba."

Nomau ya dubi gindin kwando, 'yan tsiro ne da ba su cika tafin hannu ba. Ya yi murmushi ya ce, "A gode wa Allah." Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, in ba sauri kake yi ba, zo in nuna maka wani rami."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Gonar ita ce zuciyarka, ita ce kuma gidanka da ikilisiyarka. Ƙuduji shi ne ƙananan abubuwan da ke kama mutum ta saiwa tun ba a ganinsu a fuska: 'yar ƙaryar da ta fitar da kai kunya jiya, gābar da ka kwana da ita ka ce gobe za ka shirya, addu'ar safe da aka fara tsallakewa saboda sauri. Ba su zuwa da mummunar kama. Wasunsu har fure suke yi, mutum ya ɗauka ado ne.

Ku lura, Nomau bai rasa ƙwazo ba. Da ƙarfi kaɗai ake riƙe gona, da tasa ta fi ta kowa. Abin da ya rasa shi ne himma irin ta ubansa, wadda take tafiya da lura da kuma naci. Mai irin wannan himma yana duba gindin abu, ba samansa kawai ba, yana yin aikin a kan lokacinsa tun bai yi iri ba, gobe kuma ya dawo ko da jiya bai sami komai ba. Mu ma muna son gayya. Muna son babban taro, da kaɗe-kaɗe, da ranar da kowa zai ga mun tashi tsaye domin Ubangiji. Wannan ba laifi ba ne, ni ma ina zuwa, har rawa nake takawa. Amma taron yini ɗaya ba ya tuge abin da aka bari ya yi shekaru yana zubar da iri. Wani lokaci ma rufe shi kawai yake yi, mu koma gida muna murna gona ta yi fes.

Yawancinmu mun tashi a gonar da wani ya share. Ka tarar da gidanku ana zaman lafiya, ka ɗauka haka Allah ya yi gidan. Ba ka san sau nawa mahaifiyarka ta haɗiye magana ba, ko sau nawa mahaifinka ya taka zuwa gidan ɗan'uwansa neman sulhu tun abin bai girma ba. Ka tarar da majami'a a tsaye, ba ka san tsofaffin da suka yi ta share ta suna yaɓe ta da hannu ba. Ina tuna irin waɗannan tsofaffi, ina kuma kewarsu ƙwarai. Ba su da yawan magana, kuma aikinsu irin wanda in an yi shi da kyau ba a ganin komai ne. Shi ya sa muka yi musu dariya.

Ku dattawa da kuka rage, kada ku tsaya a murmushi kamar Jatau. Ku kama hannun yaran nan ku kai su bakin ramin, ku faɗa musu yadda gonar take kafin su zo. Ku kuma matasa, Allah ne mai ba da ruwa da amfani, alherinsa ne ke raya gona, ba wayonmu ba. Amma kwandon a hannunku ya sa shi. Gobe da safe, kafin ka fita neman abin da za ka kawo gida, ka durƙusa a gaban Ubangiji ka tambaye shi abin da ya kamata ka fitar, ka kuma tuge shi tun yana cikin tafin hannu.